Yadda Ake Gane Ko Insulin Na Tushe Ya Yi Daidai Ga Mai Ciwon Sukari Nau'i Na Ɗaya

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga iyaye da matasa a Aboabo, Asawase, Sawaba da sauran unguwannin zango na Kumasi, ko da yake kowa da yadda yake faɗinta. Wata uwa za ta ce ɗanta ya kwanta da suga mai kyau amma ya wayi gari na'urar gwaji tana nuna lamba 14. Wani saurayi zai ce duk ranar da abincin rana ya makara sai jikinsa ya ɗauki rawa. Wani kuma so yake ya ji ko zai tsallake allurar dare tunda bai sa komai a baki ba. Amsar duka ukun tana wurin insulin na tushe, wato mai dogon aiki wanda ake yi sau ɗaya ko sau biyu a rana ba tare da la'akari da abinci ba.

Hanta tana sakin suga cikin jini dare da rana, kamar famfon da ba ya daina ɗiga, ko mutum ya ci ko bai ci ba, kuma jikin mai nau'i na ɗaya ba ya samar da insulin da zai tare wannan sugan. Aikin insulin na tushe shi ne ya riƙe suga a inda ya same shi muddin ba a ci abinci ba. Sauke sugan tuwon dare ba aikinsa ba ne, haka nan rashin cin abinci ba dalilin barinsa ba ne. Matakan da ke ƙasa suna nuna yadda ake tattara lambobin da za su bayyana gaskiyar lamarin, amma canza adadin allura sai da yardar likita ko nas ɗin da ke duba mutum a asibitin suga.

Mataki na 1: A san insulin ɗin da ke hannu

A ɗauko kwalbar ko biron allurar a karanta sunan da ke jiki, domin kowane iri da tafiyarsa. Mai fari kamar madara, wanda ake rubuta NPH ko isophane a kansa, irin su Insulatard da Humulin N, yana fara aiki bayan awa 1 zuwa 2, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa tsakanin awa 4 zuwa 10, sannan ya ƙare cikin awa 12 zuwa 18, shi ya sa yawanci sau biyu ake yin sa a rana. Wanda aka rubuta glargine a jikinsa, kamar Lantus, garau yake kamar ruwa, yana kaiwa kusan awa 24 kuma ba shi da wani babban tashin ƙarfi a tsakiya. Tresiba kuwa yana wuce awa 42 a jiki.

Akwai kuma gauraye, irin su Mixtard 30, wanda mutane da yawa a Ghana suke amfani da shi. Kashi 70 cikin ɗari na abin da ke cikinsa na tushe ne, kashi 30 na abinci, kuma ba a iya raba su.

Gargaɗi: mai amfani da gauraye kada ya yi allura ya tsallake abinci da sunan gwaji, domin akwai insulin na abinci a ciki wanda zai faɗar da suga. Gwajin dare kaɗai ya shafe shi.

Mataki na 2: Kayan aiki da lissafin kuɗi

Ana buƙatar na'urar gwajin suga da tsinkenta, allurar huda yatsa, littafi da biro, agogon waya mai ƙararrawa, tsinken gwajin kiton (sinadari mai hatsari da ke taruwa a jini idan insulin ya yi ƙaranci) na fitsari ko na jini, da abin tayar da suga a kusa da shimfiɗa: sukari, zuma ko lemon kwalba mai sukari. A duba ma'aunin na'urar tun da wuri. Asibitocin Ghana da mmol/L suke aiki, kuma duk lambobin wannan jagora da shi aka rubuta su, to amma na'urar da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka ko Jamus tana iya nuna mg/dL. Idan ana ganin lambobi irin 126 ko 180, a raba su da 18, sai su koma 7 da 10.

Babban kuɗin wannan aiki yana kan tsinken gwaji. Dare ɗaya yana cin tsinke 4 ko 5, dare uku kusan 15, idan kuma an haɗa da gwajin rana gwangwani mai tsinke 50 zai isa zagaye guda. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, tana ɗaukar insulin na abinci na gargajiya irin Actrapid, da NPH, da gauraye, amma tsinken gwaji na gida da sababbin insulin masu dogon aiki galibi da kuɗin aljihu ake sayensu, farashinsu kuma yana bin darajar sidi. A tabbata katin bai mutu ba kafin ranar asibiti, ana sabunta shi ta waya da *929#. A ganina gara iyali su tara tsinke 15 su yi gwajin dare uku a tsare, da su riƙa huda yatsa sau ɗaya kowace safiya tsawon wata suna kallon lambar da ba ta bayyana dalilinta ba.

Akwai wani lissafi da ake mantawa. Kwalba mai mililita 10 tana ɗauke da yunit 1,000, biro mai mililita 3 kuma yunit 300. Yaron da yake yin yunit 10 a rana ba zai ƙarar da kwalba ba kafin wa'adinta bayan buɗewa ya cika, wanda ga yawancin iri kwana 28 ne. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalbar.

Mataki na 3: Lissafin da zai nuna inda aka tsaya

Wannan lissafi na awon hanya ne kawai, ba umarnin allura ba ne. A haɗa duk yunit ɗin da ake yi a rana, na tushe da na abinci, a raba da nauyin jiki a kilo. Yawancin manya masu nau'i na ɗaya suna tsakanin yunit 0.4 zuwa 1.0 ga kowane kilo, kuma na tushe yakan kasance kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na jimlar. Misali, mai kilo 60 da yake kan 0.5 jimlarsa yunit 30 ce, na tushensa kuma zai kama tsakanin 12 da 15. Matashi mai tasowa a shekarun balaga yana iya wuce yunit 1 ga kilo, wanda kuma aka gano ciwonsa kwanan nan yana iya yin ƙasa da 0.5 na wasu watanni saboda jikinsa bai gama daina samar da nasa ba.

Idan lissafi ya nuna na tushe ya haura kashi 60 cikin ɗari, to akwai alamar an daɗe ana ƙara shi don ya rufe giɓin na abinci. Wannan shi ne kuskuren da na fi jin tsoro, domin yana ɓuya: sugan safe yana yin kyau, kowa yana murna, alhali mutumin ya zama dole ya ci abinci a kan lokaci ko ya faɗi, kuma yana ta ƙara ƙiba saboda cin da yake yi don ya kare kansa.

Mataki na 4: A gyara allura da ajiya kafin a zargi adadi

Gwajin da aka yi da insulin da ya lalace, ko wanda aka soka a wurin da ya taurare, ɓata tsinke ne. Saboda haka a ɗauki mako guda a daidaita waɗannan abubuwa.

Na farko lokaci. A tsayar da awa ɗaya kullum a sa ƙararrawa. Mu a nan lokutan salla ba sa yin nisa da inda suke duk shekara, don haka ɗaura allurar safe da sallar asuba dabara ce mai kyau. Amma NPH na dare ya fi dacewa da lokacin kwanciya, wajen ƙarfe 10, domin idan aka yi shi da magariba ƙarfinsa zai kai ƙololuwa a tsakiyar dare lokacin da mutum yake barci, ya kuma ƙare kafin gari ya waye. Matsar da shi shawara ce da za a kai wa likita.

Na biyu gauraya mai farin. A kwantar da kwalbar tsakanin tafukan hannu a mirgina ta sau 10, a juya ta sama da ƙasa a hankali sau 10, har sai ta yi fari bai ɗaya babu abin da ya kwanta a gindi. Ba a girgiza ta da ƙarfi. Wanda yake zuƙa ba tare da ya gauraya ba yau zai samu ruwa-ruwa, gobe ya samu mai kauri, lambobinsa kuma ba za su taɓa zama wuri ɗaya ba. Glargine ba a gauraya shi, kuma ba a haɗa shi da wani insulin a sirinji ɗaya.

Na uku wurin allura. A shafa ciki da cinyoyi da tafin hannu, an fi ji idan akwai sabulu ko mai a fatar. Duk inda aka ji dunƙule mai tauri ko kumburi mai laushi, wurin ya gaji, kuma insulin da aka zuba a nan ba ya shiga jini daidai. Yara suna son irin wannan wuri saboda ba ya zafi. A bar shi ya huta watanni, a riƙa matsawa aƙalla faɗin yatsa daga inda aka soka jiya. Mai biro ya fitar da yunit 2 a iska kafin kowace allura, ya ƙirga 10 kafin ya zare.

Gargaɗi: ranar da aka koma sabon wuri mai lafiya, insulin zai yi ƙarfi fiye da yadda aka saba, suga yana iya faɗuwa. A sanar da asibiti kafin a koma, domin sau da yawa sai an rage adadi.

Na huɗu sirinji. Insulin mai alamar U-100 sai sirinji mai alamar U-100. Idan aka zuƙe shi da sirinjin U-40 har layin 10, yunit 25 aka ɗauka. A duba alamar duk lokacin da aka sayi sirinji a kantin magani.

Na biyar ajiya. Wanda ba a buɗe ba yana zama a firji tsakanin digiri 2 da 8, nesa da wurin ƙanƙara, wanda kuwa ya taɓa daskarewa ya mutu ko da ya narke. Idan an ɗauke wuta a bar firjin a rufe. Wanda ba shi da firji ya sa kwalbar a leda ko roba mai murfi, ya ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa inda iska take bi, ba tare da kwalbar ta nutse a ruwa ba. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka fitar a 2021 ya nuna insulin da ake amfani da shi yana riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Wannan ba izinin barinsa a rana ba ne, ko a jakar da ke jingine da gilashin motar haya, ko a shagon kwano a kasuwar Kejetia da tsakar rana.

Mataki na 5: Zaɓen daren gwaji

Da dare ake farawa, domin shi ne mafi tsawon lokacin da mutum ba ya ci, kuma shi ne mafi hatsari. Daren gwaji dole ya zama na yau da kullum: babu zazzaɓi, babu faɗuwar suga cikin awa 24 da suka wuce, babu ƙwallo ko aikin ƙarfi da ba a saba ba a ranar, mace kuma ta kauce wa kwanakin da ke gab da al'adarta.

Abincin dare ya zama da wuri kuma marar maiƙo, irin wanda aka san yadda jiki yake karɓarsa. Ba daren sakwara da miyar gyaɗa ba ne, ba na tsire ko soyayyar ayaba ba, domin mai da nama mai yawa suna jinkirta narkewar abinci, suga ya riƙa hawa awanni bayan an kwanta, a ɗora wa insulin na tushe laifin da ba nasa ba. A yi allurar abinci yadda aka saba. Daga nan sai ruwa kawai.

Sai an jira insulin na abinci ya gama aiki kafin gwaji ya fara ƙirguwa. Mai sauri irin NovoRapid, Humalog ko Apidra yana buƙatar awa 4. Na gargajiya irin Actrapid yana buƙatar aƙalla awa 6, don haka wanda ya yi shi ƙarfe 6 na yamma lambarsa ta farko mai amfani ita ce ta ƙarfe 12 na dare.

Mataki na 6: Gwajin dare

A yi allurar tushe a lokacinta, adadinta na kullum. A gwada suga lokacin kwanciya. Idan yana tsakanin 6 da 10, a ci gaba. Idan yana ƙasa da 6, a ci wani abu a ɗage gwajin zuwa wani dare. Idan ya wuce 14, a duba kiton, a bi umarnin gyara da asibiti ya bayar, gwajin ma ya tashi. Duk daren da aka ci abinci ko aka yi allurar gyara, wato ƙarin insulin don sauke suga, a tsakiya, wannan dare ba ya cikin lissafi.

Sannan a gwada ƙarfe 12, ƙarfe 3, da lokacin tashi sallar asuba, wanda kuma yake komawa barci ya ƙara ɗaya kafin karin kumallo. A wanke hannu da sabulu a busar kafin a huda, domin ɗan zaƙin mangwaro ko lemo a yatsa yana iya ɗaga lamba sosai. A rubuta lamba da lokacinta nan take, kada a bari sai da safe. Wanda yake da na'urar da ake mannawa a hannu mai auna suga dare da rana ya huta da ƙararrawa, layin da ta zana ya ishe shi. A maimaita dare 2 ko 3 kafin a yanke hukunci, ba lallai a jere ba.

Gargaɗi: idan lamba ta yi ƙasa da 3.9, ko aka ji gumi, rawar jiki, bugun zuciya ko ruɗewa, gwaji ya ƙare. A sha giram 15 na sukari, wato ƙaramin cokali 3 cike a cikin ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai mililita 300. A sake gwadawa bayan minti 15, a maimaita idan bai tashi ba, sannan a bi da burodi ko biskit. Wanda ya suma ko yake fizge-fizge ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa a kira 112 ko a garzaya asibiti mafi kusa. Kada kowa ya yi wannan gwaji yana kwana shi kaɗai a ɗaki ba tare da wani ya sani ba.

Mataki na 7: Karanta lambobi

Abin da ake nema shi ne bambancin lambar farko da sauran, ba kyawun lambar safe ba. Idan suga bai hau ko sauka fiye da 1.7 ba tsawon dare, insulin na tushe ya yi daidai. Ga misalai huɗu.

An kwanta da 7.8, ƙarfe 12 ya nuna 7.0, ƙarfe 3 ya nuna 5.4, asuba 4.3. Uwa da ta ga 4.3 kaɗai za ta ce Alhamdu lillahi, amma suga ya sauka da 3.5, kuma da yaron ya kwanta da 6.5 da ya faɗi cikin barci. Na tushe ya yi yawa. Wata alamar wannan ita ce dole sai an ci wani abu kafin kwanciya kullum, in ba haka ba a tashi da ciwon kai, mummunan mafarki ko riga jiƙe da gumi.

An kwanta da 7.0, ya koma 8.4, sai 10.1, asuba 11.8. Hawa ne a hankali tun daga farkon dare, wanda yake nuna na tushe ya yi kaɗan, muddin abincin dare ba mai maiƙo ba ne.

An kwanta da 7.5, ƙarfe 12 ya nuna 7.3, ƙarfe 3 ya nuna 7.6, sai da safe 11.5. A nan dare ya tafi lafiya har ƙarfe 3. Ko dai sinadaran da jiki yake saki gab da asuba ne suka tura hanta ta ƙara zuba suga, abin da ya yi yawa ga matasa masu tasowa, ko kuma NPH ne ya ƙare da wuri. Ƙara adadi kai tsaye a wannan hali yana iya faɗar da suga ƙarfe 2 na dare. Likita zai fi duba matsar da lokacin allura, raba ta biyu, ko canza iri.

An kwanta da 12.6, an tashi da 12.1. Wannan shi ne wanda ya fi ruɗar mutane. Lambar safe ta yi yawa, amma insulin na tushe ya yi aikinsa sarai, ya riƙe suga a inda ya same shi. Gyaran yana wurin abincin dare da allurarsa, watau ko dokunun ya yi girma ko allurar ta yi kaɗan ko an yi ta a makare. Duk wanda ya ƙara na tushe saboda irin wannan lamba, ranar da ya ci abinci kaɗan ya kwanta da 7 zai shiga hatsari.

Mataki na 8: Gwajin rana

Wannan na manya ne da matasan da suke kan tsarin allura daban ta tushe, daban ta abinci. Ƙananan yara da masu juna biyu ba sa tsallake abinci sai likita ne ya tsara. Ana raba yini uku, kowanne da ranarsa, kuma sai dare ya daidaita tukuna. Ranar farko a bar koko da ƙosai da allurarsu, a gwada duk awa 2 daga tashi har azahar. Wata rana a karya da wuri, a bar abincin rana, a gwada daga awa 4 bayan allurar safe har magariba. Ta uku a jinkirta abincin dare zuwa ƙarfe 9 ko 10. Dokokin tsayawa da ma'aunin 1.7 duka ɗaya ne da na dare.

Gargaɗi: NPH na safe ƙarfinsa yana haɗuwa da lokacin abincin rana, kuma sau da yawa da gangan aka tsara shi ya rufe wannan abincin. Mai irin wannan tsari ya tambayi asibiti kafin ya tsallake na rana. Direba, mai acaba, da mai aiki da inji ko a saman gini su yi gwajin ranar hutu.

Mataki na 9: Gyara adadi

A kai littafin asibiti, ko Komfo Anokye ne ko Manhyia ko duk inda ake zuwa, kuma a roƙi likita ya rubuta ƙa'idar ƙari da ragi a shafin farko. Abin da aka saba shi ne canjin kashi 10 cikin ɗari, wato yunit 1 ko 2 ga yawancin manya, rabin yunit ko ɗaya ga yara. Bayan faɗuwar suga da dare wadda ba a san dalilinta ba, ragin kashi 10 zuwa 20 ba ya jira, daren da ya biyo baya ake yin sa. Ƙari kuwa sai lambobin dare 2 ko 3 sun nuna abu ɗaya.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. A jira kwana 3 kafin a sake taɓawa, mai Tresiba ko Toujeo (wani irin glargine) ya jira kwana 4 zuwa 5 saboda suna ɗaukar lokaci kafin su zauna a jiki, sannan a sake gwajin dare. Sannu ba ta hana zuwa. Burin da aka fi sa wa manya shi ne a tashi tsakanin 5 da 7, amma mai yawan faɗuwa ko wanda ya daina jin alamun faɗuwa likita zai ɗaga masa. Idan kuma an canza iri, daga NPH sau biyu zuwa glargine sau ɗaya, ana fara sabon da ragin kashi 20 cikin ɗari na jimlar tsohon, ba a kwafe lambar yadda take.

Mataki na 10: Ranakun da buƙata take canzawa

Rashin lafiya ne kan gaba. Zazzaɓin cizon sauro, mura mai zafi, maruru ko ciwon haƙori yawanci suna ƙara buƙatar insulin ko da mutum ba ya iya cin abinci. A nan ne iyaye, cikin tausayi, suke cewa tunda bai ci ba a bar allurar, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi saurin kai yaro gadon asibiti, domin cikin awanni jini yana cika da kiton. Ba a taɓa dakatar da insulin na tushe gaba ɗaya. A gwada suga duk awa 2 zuwa 4, a yawaita ruwa, idan suga ya yi ƙasa a riƙa kurɓar abu mai zaƙi, a nemi shawara kan ragi. Kiton na jini da ya wuce 1.5, ko na fitsari mai alama biyu (++) zuwa sama, ko amai da ya ƙi tsayawa, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, ko yawan barci, duka asibiti suke nufi a daren, ba da safe ba. A kuma sanar da likita duk maganin da ake sha, domin prednisolone da dexamethasone suna ɗaga suga sosai, kwinin kuma yana iya faɗar da shi.

Aikin ƙarfi yana jan akasin haka. Wanda ya buga ƙwallo da la'asar ko ya yini yana dako, sugansa yana iya faɗuwa cikin dare awanni da yawa bayan ya huta, kuma likitoci kan ba da izinin rage na tushen dare da kusan kashi 20 cikin ɗari a irin wannan rana. Mata da yawa suna ganin suga ya hau kwanaki kaɗan kafin al'ada ya sauka idan ta zo, rubutun wata 2 ko 3 zai nuna tsarin kowace.

Sai azumi. Mai nau'i na ɗaya yana cikin waɗanda azumi yake da hatsari gare su, kuma Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin suratul Baƙara. Wanda duk da haka ya yi niyya ya ga likitansa mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan, ya kammala gwajin dare da na rana tun cikin Rajab ko Sha'aban. Yawanci ana rage na tushe da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari, ba a barinsa. A riƙa gwadawa cikin yini, musamman da azahar da la'asar, kuma a karya azumi nan take idan suga ya yi ƙasa da 3.9 ko ya wuce 16.6, ko da saura minti 10 a kira magariba.

Mataki na 11: Mantuwa da musayar allura

Idan an manta allurar tushe aka tuna cikin awa 2, yawanci a yi ta yadda take. Idan an wuce haka, a gwada suga da kiton, a kira asibiti a ji nawa za a yi, kuma ko kusa kada a ninka ta gaba don a rama. Mai Tresiba yana iya yi lokacin da ya tuna, muddin akwai aƙalla awa 8 tsakanin allura biyu. Wanda yake kokwanton ko ya yi ko bai yi ba kada ya sake yi a kan zato, ya riƙa gwadawa duk awa 2 ya ga inda suga ya nufa. Sa alama a littafi nan take bayan kowace allura yana kashe wannan kokwanto.

Mafi hatsari shi ne a yi mai sauri a madadin na tushe da dare, abin da yake da sauƙin faruwa idan duka biyun garau suke kuma an ɗauke wuta. Yunit 14 na mai sauri ga wanda zai kwanta abu ne babba. Idan ya faru, babu barci: a sha abu mai zaƙi, a ci abinci mai nauyi irin burodi ko shinkafa, a gwada duk minti 30 har awa 4 zuwa 6, wani babba ya zauna tare da mutumin, idan kuwa yaro ne ko suga ya ƙi tsayawa a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Don kada a kai ga haka, a naɗa roba ko filasta a jikin kwalba ko biron na tushe yadda hannu zai gane shi ko a duhu, a ajiye su biyun a mazubi daban-daban, a haska fitilar waya a karanta sunan kafin a zuƙa.